Rasuwar 'Yar Gaskiya, Sandar Gwajin Kwayil

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kunyar da ta fi baƙin cikin nauyi, Mai Wayarin na garejin bayan gidan mai yana sanar da 'yan'uwa da abokan sana'a rasuwar sandarsa ta gwajin kwayil, wadda aka fi sani da 'Yar Gaskiya. Ta rasu ranar Talata da hantsi a bakin aiki, kuma mutuwar ba ta yi kyan gani ba.

Ga wanda bai san marigayiyar ba, kwayil shi ne ɗan abin nan da ke zaune a kan kowane fulogi a injin motocin yanzu yana ba shi wuta. Aikinta ta faɗi wanne ke da rai, wanne ya mutu.

Shekara huɗu ke nan da Mai Wayarin ya zaɓo ta cikin uku, bayan ya wuni a kanti yana jujjuya su har mai kantin ya fara tsaki. Ta farko mai allura ce, sai ta huda waya take magana, shi kuwa ba ya son gyara mai tafe da ɓarna. Ta biyu sai an jona ta da allon kwamfuta, allon kuwa ba zai yi sati a garejin da ake jifa da guduma ba. Ta uku ita ce marigayiya: dogon wuya mai lanƙwasa da ke kaiwa har kwayil na can ƙurya, kai mai faɗi kamar cokali, da wutsiyar waya da ake maƙalawa a jikin ƙarfe.

Baiwar Allah ba ta taɓa cizon waya ba. Ba ta taɓa sa an zare kwayil inji na tafiya ba, gangancin da ke ƙona ƙwaƙwalwar mota. A ɗora ta kawai. In ta ce tit-tit-tit-tit, lafiya lau. In ta yi shiru, a nemo sabo. Aibinta ɗaya, ba ta san babba ba, kuma shi ya haɗa ta da Yaya.

Yaya wan Mai Wayarin ne uwa ɗaya uba ɗaya, babban bakaniken garejin da mahaifinsu ya bar musu, shi ya koya masa riƙon sifana. Gwajinsa kunne ne da sukudireba, wuta ta sha fizgarsa har ya daina yi mata Allah ya isa. Cokalin ragwaye yake kiran marigayiya. Duk ranar da ta ƙaryata shi gaban mai mota sai an tayar da maganar raba gareji, a ja katanga kowa ya kama gabansa. Inna, mahaifiyarsu, ce kaɗai ke tarewa, tana cewa sai dai bayan ranta.

Ranar da abin zai faru, wata malamar jinya ta kawo motarta tana karkarwa. Yaya ya kara kunne, ya rantse kwayil na uku ne. Aka ɗora 'Yar Gaskiya a na uku, ta ce tit-tit-tit-tit. Aka matsa na huɗu, ta yi tsit. Malamar ta ɗan yi dariya, ba da mugunta ba, amma ta isa.

"Kawo ta nan," in ji Yaya, "in ga ko ni ma a hannuna za ta yi mini rashin kunya."

Ya fizge ta, ya zagayo ta gaban inji, inda Mai Wayarin bai taɓa tsayawa da ita ba. Ya ga fanka a tsaye, ya saki wutsiyar tana reto. A motocin da Yaya ya girma a cikinsu, muddin inji na tafiya fanka na juyawa, kowa ya gan ta ya kiyaye. Ta yanzu kuwa lamɓo take yi, sai inji ya yi zafi ta tashi da kanta ba sallama.

Ta kuwa tashi. Ta cafki wutsiyar, ta nannaɗe, ta finciko marigayiya ta maka ta da lagireto, tankin ruwan inji. Ƙaras! Ƙaras! Ƙaras! Wuya ya karye gida uku. Kan ya yi tsalle ya daki murfin inji ya tarwatse. Batirinta ya fallo ya gangara cikin baƙin mai, hanjin wayoyinta suka watsu har kan gilashi. Waɗanda ke kusa sun shaida cewa a tsakiyar wannan ta'asa ta ce tit, sau ɗaya, shi ke nan.

A nan Mai Wayarin yake roƙon a yi masa afuwa, don idonsa ya rufe. Ya shaƙe wuyan rigar Yaya, ya haɗa shi da bango har sifanoni suka zubo, ya kwashe shi da mari. Wansa fa, gaban jama'a!

"Ka kashe ta! Da ma abin da kake nema ke nan!"

Yaya bai rama ba, ko hannu bai ɗaga ba. Malamar jinya ce ta kashe mota ta daka tsawa: "Kai, sake shi! Makaho ne kai? Dubi hannunsa!"

Ya duba. Hannun dama jina-jina, jini na bin gwiwar hannu yana ɗiga a kan takalmi, kuma har lokacin yana damƙe da guntun mariƙin marigayiya. Ashe da fanka ta ƙwace ta, Yaya hannu ya cusa ya bi ta. Fanka ta tafi da yatsansa na nuni.

Marigayiya ta bar mita mai auna wuta, da fitilar gwaji, da akwatinta na soso wanda har yanzu siffarta ke kwance a ciki. Ta bar Mai Wayarin, wanda yau kwana uku bai iya haɗa ido da Inna ba.

An tattara abin da ya samu na gawar, guda tara. Za a binne ta ranar Asabar a aljihun ƙasa na akwatin kayan aiki. Ana karɓar gaisuwa a ɗakin Yaya, inda za a tarar da Mai Wayarin durƙushe kowace safiya yana wanke rauni, kansa a ƙasa. Duk wanda ya zo da maganar raba gareji, ya bar ta a bakin ƙofa tare da takalminsa.

Da an sa binnewar da safe. An mayar da ita bayan la'asar, saboda jiya Mai Wayarin ya rantse ba zai ƙara riƙe wata sanda ba har abada, sai Yaya, da bai ce masa uffan ba tun ranar Talata, ya buɗe baki.

"Rufe mana baki, sakarai. Asabar da safe tare za mu kantin nan, kuma ni zan zaɓa. Marar wutsiya, mai kaurin mariƙi, wadda mai yatsa huɗu zai iya riƙewa."