Kobo Marar Huji

Ba zan taɓa mantawa da kakar gyaɗar da aka yi bayan samun mulkin kai ba, lokacin ina aikin sikeli a wani kantin sayen gyaɗa a Tasawa. Aikina shi ne in zura hannu cikin buhu in yanke hukunci: wannan mai tsabta ce, lamba ɗaya; waccan da ƙasa da tsakuwa, a koma a sheƙe. Ina jin kaina ƙwarai, har tafiyata ta sake.

Mai kantin wani Anasara ne da muke kira Mai Lofe. Ba ya da wata shagala sai tara tsofaffin kuɗi, yana leƙa su da ɗan gilashi kamar mai neman ƙwarƙwata. Wata rana ya ga ina wasa da wani kobon Ingilishi da wani Bakatsine ya liƙa mini. Kowa ya san kobo da huji a tsakiya, nawa kuwa babu, ga shi ya yi baƙi ƙirin. Ko mai ƙosai ta ƙi karɓarsa.

Mai Lofe ya karɓa, ya ɗora masa gilashinsa. Da gurguwar Hausarsa ya ce injin gidan buga kuɗi ne ya manta bai huda ba. "Babu huji! Babu huji!" yake ta maimaitawa. Ya ce in bar masa, zai kawo mini sabon keke daga Maraɗi. Na ce sai na ga keke da idona (a nan kam na yi wayo, kuma a nan wayon ya ƙare).

Ni ɗan kasuwa ne. Na san mai saye in ya dage yana faɗin aibin haja, ragi yake nema. To idan kobo mai naƙasa, mai dauɗa, ya ja keke, ina ga an gyara shi ya zama lamba ɗaya? Ai har da rediyo! Na nufi maƙerar Kawu Illa.

"Kai ɗana, wanga abu za ka miƙa ma babban mutum?" in ji shi. "Kawo nan in hidda ka kunya."

Ya huda shi tsaf. Ni kuma na jiƙa shi a ruwan tsamiya, na dirje da toka har ina ganin hancina a ciki. Kafin Mai Lofe ya dawo, babu wanda ban yi wa alkawarin goyo a keke ba, har da limamin unguwarmu.

Ranar kasuwa keke ya iso, baƙi, yana sheƙi. Manoman ƙauyukan Maijirgi da Urafan sun cika bakin kanti da jakuna. Na keta su ina gyaran murya, na warware hankicin da na ƙulle kobon a kan sikeli.

Mai Lofe ya ɗaga kobon. Ya kanne ido ɗaya, ya leƙo ni ta cikin hujin. Lofen ya faɗo daga bakinsa.

"Wa ya yi wannan?"

"Ni ne, Mushe," na ce, yadda ake kiran babban mutum da Faransanci, ina washe baki. "Wankin ma kyauta ne."

Ya shiga ciki ya fito da gwangwani cike da kobo masu huji, ya jefa nawa a ciki, ya girgiza. Sai wani tsoho ya ɗaga murya daga baya:

"In mai huji aka ba keke, ni ma ga nawa!"

Nan take kowa ya hau laluben aljihu, ana dariya har da masu riƙe ciki. Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige. Ina tsaye aka mayar da keken cikin mota, ni kuwa na koma gida a ƙafa ta bayan gari, don kada in haɗu da liman.

Tun daga ranar, in na ji ana yaba aibin abu, ba na gyara shi. Shi ya sa har yau ban yarda an cike giɓin haƙorina ba. Wa ya sani ko mai keke yana tafe?