Tafintar da Ba Wanda Ya Nema

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na naɗa kaina tafinta a falon matar Fasto, kuma har yau ina jin haushin mutanen da suka zuba mini ido na gama tsiyata.

Abin ya faro ne ranar godiyar kaka a cocinmu da ke Tudun Wada. Mama Saratu, dattijuwar zumuntar mata, ta ajiye damin dawarta a gaban bagadi, sai Madam Nkechi mai shagon atamfa ta matsar da shi baya ta jera kwalayenta. Mama ta yi fushi, Lahadi uku ba ta taka coci ba. Matar Fasto ta kira su sulhu, ta ce in zo in zauna a matsayin shaida, tunda ni na koyar da darasin kame harshe a satin. (Har tafi aka yi mini, ku ji fa.)

Shekara biyu ina gaisawa da Madam da Turanci. Malamar Turanci ce ni, ina zan bar damar nuna gwaninta ta wuce? Don haka da Madam ta buɗe taro da addu'a da Turanci, ta zarce da bayani, sai na gyara zama na fara juya wa Mama da Hausa. Ba wanda ya ce in yi. Ba kuma wanda ya ce in bari, nan ne laifinsu!

"Ta ce ba da gangan ta yi ba," na ce. Da na tsaya nan da lafiya lau. Sai na rage murya: "Amma Mama, ke dai ki yafe don Allah kawai. Kowa ya san ta da son a gani. Shinkafar ma da ta dafa ranar, gishiri zalla."

Mama ta taka mini ƙafa. Na ɗauka cewa take in ƙara, na kuwa ƙara. Na taɓo ɗaurin ɗankwalinta, na taɓo muryarta a ƙungiyar mawaƙa. Matar Fasto tana ta tari, ni kuma na tura mata ruwa.

Madam ta jira na kai aya, sannan ta ce, da Hausar da ta fi tawa daɗi, "Malama, a Sabon Gari aka yanke mini cibiya. Shinkafar kuwa, ba ke kika ci faranti biyu, kika ce a zuba miki a kula saboda yara ba? Ko na gode ban ji ba."

Wayyo! Abin da ya fito daga bakina kawai shi ne, "Ashe kina jin Hausa?" Ta ce, "Ke ce ba kya ji, Malama. Tun ɗazu ake taka ki."

Mama Saratu da ta yi sati uku tana cika tana batsewa ta fashe da dariya har da hawaye. Ta kamo hannun Madam ta ce, "'Yata, manta da zancen dawa. Na yafe, ke ma ki yafe wa wannan." Wannan! Ni ke nan, ko suna babu.

Ni aka sa na durƙusa na roƙi gafara, na kuma yi godiyar shinkafar da ta yi sati uku da narkewa. Madam ta ɗaga ni ta rungume, wanda ya fi mari ciwo.

Ranar Lahadi Mama da Madam suka shigo coci tare suka zauna a benci ɗaya. Fasto ya sanar cewa Allah ya yi amfani da Malama wajen kawo salama, jama'a suka ce amin, su biyun suna ƙunshe dariya da gefen gyale.

Yanzu da Hausa nake gaida kowa, in ya amsa in kama bakina. Darasin kame harshe kuwa, bana Madam aka ba, ni kuma aka ce in zauna a layin gaba.