Ranar da Na Sa wa Kekena Hon ɗin Tirela

Kekena mai caji aibinsa ɗaya ne: ba ya ƙara. Yana hawan duwatsun hanyar gonata kamar akuya, amma in na shigo gari ko kaza ba ta matsa mini. Mutum da girmansa!

Sai na sayo hon ɗin tirela wajen 'yan gwangwan a Funtua. Makanikena ya ce, "Alhaji, batirin nan ba zai ɗauka ba." Na ce masa ai kowa ya san kayansa. Da hannuna na haɗa wayoyin.

Ranar kasuwar Danja na tarar da masu tumatir sun cika hanya, kwanduna a ka. Na gyara zama, na danna.

Sai salati ya tashi. Aka watsar da kwanduna, aka faɗa kwalbati. Da suka leƙo neman tirela, ni kaɗai suka gani cikin tumatir, batiri ya mutu murus, keken ya yi nauyi kamar buhun masara, ba halin gudu.

Wani tsoho ya karkaɗe hularsa ya ce, "Malam, ina motar?"

Har yau, ko a ƙafa na fito, sai maƙwabta su ce, "A ba tirela hanya!"