Yadda Ake Mayar Da Madarar Saniyar Turai Ruwa Ba Tare Da An Je Rijiya Ba

Bari in faɗi aibina tun maƙwabta ba su riga ni ba: ba na iya jin shawara muddin kyauta aka ba ni. Wannan ɗan aibin ne ya mai da ni gwani a ƙauyenmu na Dukkala, kuma da shi zan koya maka yadda ake samun saniya mai asali, mai hantsa kamar tulu, a mai da madararta farin ruwa ba a ɗiga mata komai ba. Ka bi matakan a jere. Sakamako tabbas ne, ni Bushayib da hannuna na gwada.

Mataki na 1: Nemo dalili mai nauyi

Wauta ba ta yin armashi sai da manufa. Tawa manufar bikin 'yata Hafida ne, da aka sa bayan girbin alkama. Ka dai san matan garin nan, kafin su duba zoben amarya sun shinshina kuskus ɗin gidansu. In ba su ji ƙamshin tsohon man shanu mai gishiri ba, wanda uwar amarya ta kaɗa ta rufe a tulu tun watanni, za su ci su yi godiya, sannan su riƙe maganar har a yaye jikanka. Matata Lakbira ta wanke tulunta ta kife. Ni aikina ɗaya ne, in kawo madara mai maiƙo.

Mataki na 2: Sayi saniyar da ta fi ka asali

Sallami 'yan shanunka na gida, ka sayo baƙa-da-fara irin ta Turai. Raɗa mata Gimbiya. Ka biyo da ita ta ƙofar maƙwabcinka ko da ba hanya ba ce. Nawa maƙwabcin Kabbur ne, mai wata jar saniya da za ka iya ƙirga haƙarƙarinta daga bakin masallaci.

"Barka da amarya, Si Bushayib," in ji Kabbur, da "Si" ɗin nan da muke girmama namiji da shi. "Irin wannan cikinta ba ya son wasa fa. Ka tanadi ciyawa?"

"Ciyawa ai ta taka ce," na ce masa. "Tawa, a gidan da ta fito ba a cin abin da ake takawa."

Haddace wannan amsar. Za a maimaita maka ita nan gaba.

Mataki na 3: Ɓoye ta

Abu mai kyau ba ya rasa mai mugun ido. Kulle ta a ɗakin kwano marar taga, rana ta gasa ta ita kaɗai cikin rufin asiri. Ruwa sau ɗaya a yini ya isa, in ka tuna. Tatsa kuma sai lokacin da ka taso daga wurin mai shayi: yau da asuba, gobe da hantsi, ranar kasuwa ta yi haƙuri. Saniya ba ta ɗaura agogo. In ta riƙe madara, girman kai ne irin na baƙi.

Mataki na 4: Ba ta burodi

Nan ne zuciyar darasin, ka gyara zama. Mu ba ma zubar da burodi. Ko gutsure ka gani a ƙasa, ka ɗauka ka sumbata ka ɗora a kan katanga. Masu amalanke suna bi gida-gida su tara busasshen, su sayar wa masu dabbobi buhu-buhu. Kowa yana watsa wa saniyarsa ɗan kaɗan a kan ciyawa. To kai ba kowa ba ne. Ka yi tunani irin na manya: abin da albarka ke cikinsa, ta yaya yawansa zai cutar?

Janye ciyawa. Janye karan alkama. Jiƙa burodi a babban baho, ka zuba dusa, ka cika mata safe da yamma har sai ta kau da kai.

A kwanakin farko bokiti zai cika ya tumbatsa. Kada ka rufe shi. Ɗauke shi a buɗe ka wuce ta ƙofar Kabbur a hankali, kamar mai ciwon ƙafa.

Mataki na 5: Ƙi ganin abin da ke gabanka

Za ta daina tuƙa. Kashinta zai koma kamar kunu. Za ta fara taka ƙasa kamar mai tafiya a kan garwashi. Duk sabon wuri ne, za ta saba.

Matarka za ta rataye salka ta yi ta kaɗawa tun safe har azahar, sannan ta kira ka.

"Baban Hafida, zo ka ga man bikin 'yarka."

A tafin hannunta za ka ga wani abu da bai kai ƙwayar zaitun ba.

"Hannunki ne ya tsufa," za ka ce.

"Hannuna ne ya hana ta tuƙa? Dabba sai ta tauna abu mai kaushi maiƙo ke sauka, ko akuya ta san wannan. Ka sayo saniya ka mai da ita kwandon burodi."

Kada ka ja da ita. Ƙara burodi.

Mataki na 6: Zaɓi kunyar da ta dace da kai

Kai madararka wurin tattarawa na ƙungiyar masu shanu, inda ake sayenta, lokacin da layi ya fi tsawo. Jilali mai awo, yaron da aka haifa a gabanka, zai ɗiba ya gwada, ya ɗaga gilashi ya duba, ya sake gwadawa.

"Baba Bushayib, ina maiƙon?"

"Yana ciki."

"Wallahi ba ya ciki. Wannan an yaɗe samanta tas."

Daga bayan layi wani zai ɗaga murya: "Ku ƙyale bawan Allah, biki gare shi! Uwargida Lakbira na cika tulu, mu a kawo mana ɗauraya!"

Za a kwashe da dariya. Yanzu hanya biyu ce a gabanka. Ko ka faɗi gaskiya, cewa babu abin da aka yaɗe, kai ne ka lalata cikin saniya da burodi, alhali Kabbur yana tsaye a layin da ɗan bokitinsa. Ko ka yi shiru a ɗauke ka ɓarawon maiƙo. Ni na shafa gemu na yi murmushi. Ɓarawo dai ana cewa yana da wayo.

Za a miƙo maka madararka ka koma da ita gida. Wannan karon ka rufe bokitin.

Mataki na 7: Karɓi yabo

Gari ya ɗauka tulunka ya cika. Waɗanda ba ka gayyata ba za su gayyaci kansu. Wata tsohuwa za ta tare ka a hanya ta ce, "Ɗana, an ce sai da kuka aro tulu na biyu, gaskiya ne?" Ka ce mata Allah ne mai bayarwa. A ɗaki kuwa gizo-gizo ya yi saƙa a bakin tulun.

Matarka za ta daina yi maka magana. Wata safiya za ka tarar an buɗe ɗakin kwano, an jibge busasshiyar ciyawa, Gimbiya tana tuƙa tana kallonka. Kada ka tambayi wanda ya yi. Maiƙo zai fara dawowa, amma man da aka kaɗa jiya ba ya tsufa don kai kana sauri.

Ranar biki za a fito da kuskus, ƙamshi ya cika unguwa, mata su yi ta haɗiyar yawu. Daga ina? Wannan ma kada ka tambaya. Jilali zai lashe yatsa ya ce, "Baba, na yafe maka. Wannan man ya cancanci a yi sata dominsa." Kabbur zai goge baki ya jinjina kai: "Gaskiyarka, maƙwabci. Saniya mai asali daban ce, a gidan da ta fito ba a cin abin da ake takawa." Ka sunkuyar da kai irin na mai tawali'u, ka ce a ƙaro masa.

Gargaɗi

Marubucin nan ba ruwansa da zawo, ɗingishi, shirun matar aure, ko sunan Baba Mai Yaɗe da yara za su riƙa binka da shi har kasuwa. Mai ƙorafi ya nemi mai amalanken burodi, yana wucewa kullum da hantsi.

Man da aka ci a bikin kuwa, daga tulun matar Kabbur ya fito, na jar saniyar nan ne.