Hararar Maman Bulus

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na miƙe a gaban matan zumunta na yafe laifin da ba a yi mini ba.

A cocinmu a Kafanchan, ranar Alhamis kafin Jibin Ubangiji, duk mai riƙe da wata a zuciya takan tashi ta faɗa, a shirya su. Ni kuwa wata uku ina riƙe da Maman Bulus, mai sayar da citta, wadda muka shekara goma muna zama benci ɗaya. Tun da aka zaɓe ni sakatariya na ga kallonta ya canza. In na fito karanta rahoto sai ta zaro mini ido, ko ƙiftawa babu. Ga ta da rama, ga gumi, hannunta na rawa. Na ce hassada ce ke cin ta (ni da na shekara ashirin ina koyar da kimiyya a firamare, iyakar binciken da na yi ke nan).

Na gyara ɗankwali na ce, "Uwar zumunta, tun Ista Maman Bulus take hararata. Amma na yafe mata saboda Yesu." Har da 'yar rawar murya irin ta waɗanda aka zalunta.

Ba wadda ta ce amin.

Maman Bulus ta miƙe a hankali, ta ciro takardar asibiti daga cikin Littafi Mai Tsarki.

"Malama, ba harara ba ne," in ji ta. "Likita ya ce ciwon maƙoƙo ne. Wai sojojin cikin jinina sun rikice, sun juya suna yaƙi da naman bayan idona. Shi ne ya kumbura yana tura idon waje. Ko ina barci ba ya rufuwa. Ya ce in jijiya ya matsu zan makance, sai na je Jos." Ta share hawayen da ba sa tsayawa. "Ina kallon ki ne ina neman yadda zan ce ki raka ni. Ke ne kin iya Turanci. Amma kin daina gaishe ni."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na durƙusa a gabanta ina kuka.

Ranar Litinin na raka ta. Idon hagu ya riga ya fara dishi-dishi. Likita ya tambaye ta me ya sa ta makara haka, ta ce, "Ban samu mai raka ni ba." Ba ta ko ambaci sunana ba, kuma wannan ya fi zagi ciwo.

Yanzu in mutum ya canza mini fuska, nakan tambayi lafiyarsa tukuna kafin in yafe masa.