Yadda Za Ka Ruɓar Da Cukun Baƙonka Har Nasara Ya Yaba Maka

Kai ɗan Zango, matso nan. Buzu ya sauka gidanku, ya bar maka ajiyar cuku zai wuce Kano, kai kuma suna kake nema a bariki? Bi abin da zan faɗa maka, ba ya fashi. Sallau maƙwabcina ya gwada da cukun Alkasum, Buzun da ke sauka gidansu tun uban Sallau na da rai, kuma ya dace.

1. Raina tsofaffi.

Hajjo uwar Sallau ta ce masa, "Ɗan nan, cuku iska yake so. Rataye shi sama, in rana ta fito ka baza a faifai." Ya ce, "Inna, wannan ai na da ne." Kai ma haka za ka ce. Wanda ya taɓa riƙe wa Nasara linzamin doki ya wuce a koya masa shanya.

2. Nemo danshi.

Funfuna ba aljana ba ce, laima take bi da duhu. To, ba ta abin da take so. Zuba cukun a tukunya, liƙe bakin da laka, ka aje gindin randa damina na zuba. In an tambaya ka ce don ɓera. Ɓera kam ba zai taɓa ba, shi ma yana da mutuncinsa.

3. Kada ka leƙa.

In wari ya tashi, ɗora wa akuyar maƙwabta. Ɗan tabo ba ya isa, don ana kankare shi a shanya ya warke. Jira sai ya tsirar da gemu kore shar.

4. Kai bariki.

Tafinta ya ce a ƙasar Nasara sai cuku ya kai haka suke kiransa abinci. Ɗauka a ka, bi bayan gardi, dogarin Nasara, durƙusa. Kumandan, babban Nasaran bariki, ya shinshina na Sallau, ya lumshe ido kamar wanda ya tuna gida. Tafinta ya ce, "An yaba." Sallau, da bai san Faransanci ba sai "i" ɗinsu, ya amsa:

"Wi!"

"Kowace Juma'a ka kawo irinsa."

"Wi!"

Kada ka tsaya tambayar inda za ka samo. Tambaya ta ƙananan mutane ce.

5. Tarbi mai kaya da fara'a.

Ayari zai dawo, ba makawa. Alkasum ya durƙusar da raƙumi ƙofar gida, aka gaisa, ya ce, "Maigida, ina ajiyata? Guzurin yara ne har Abzin."

Sallau ya buɗe ƙirji ya ce, "Albishirinka, kumandan da kansa ya ci, har ya yaba!"

Buzu ya ja amawali ya rufe hanci. Sannan ya ce, "Allah ya jiƙan ubanka." Ya ta da raƙuminsa sai gidan Tahiru, wani mai saukar baƙi, ayarin duk ya bi shi.

Ni dai faɗa na yi, ban liƙe tukunyar kowa ba. In Juma'a ta yi, ba Buzu ba cuku, gardi na ƙofa da bulala, kada ka aiko a ce tsoho ya zo ya ba da haƙuri. Sallau ma ya aiko, na ce a gaya masa gwiwata na ciwo. Yana can bariki yana fasa dutse, kuma an ce duk wanda ya wuce sai ya gaya masa kumandan ya san sunansa.