Dutsen Niƙan Rabi'atu

"...Lafiya lau, sai dai gajiyar ganin mummunar fuskarka da safiyar nan," in ji Rabi'atu. "Ina ka baro tumbin, ko yana waje yana jiran a buɗe mashi ƙofa?"

Shitu ya ɗaure jakinsa a turken awaki, ya dogara sandarsa ya shigo tsakar gida yana haki. Taubashiyarsa Rabi'atu na durƙushe gaban dutsen niƙa, ƙwaryar gari a gefe. Ita 'yar namiji ce, shi ɗan mace, don haka tun suna yara take kiransa bawa, kuma furfura ba ta 'yanta shi ba. Yau kam ba don wasa ya zo ba. Ɗanta Rabe, da ke aiki a gidan gurzar auduga a Funtuwa, shi ya roƙe shi ya raba ta da dutsen nan. Likita a Malumfashi ya faɗa ƙarara: in ba ta bar durƙuso ba, kafin damina sai dai rarrafe. Ga autarta Shafa'atu za ta zo goyon ciki bayan wata biyu, ba ta da mai yi mata wankan jego sai uwar.

"Dutse na zo saye," in ji shi. "Na ji an ce wata tsohuwa a Tsiga ta cinye gwiwoyinta, saura ƙashi."

"Bawa da ciniki? Da me za ka biya, da haƙoranka guda huɗu?"

"Biyar ne. Ki ƙirga da kyau. Ke duk garin nan an koma inji, kwabo kaɗan a niƙe maki tiya, ke kaɗai kike gurzar ƙasa kamar mai neman yafiya."

"Garin inji ƙarfe-ƙarfe yake. Ku da ba ku san tuwo ba ku ci."

"To bar dutsen. Murhunki fa? Ki tsuguna tun hantsi har azahar kamar kwaɗo. An kawo maki kujera mai tsawo, kin ɗora mata kwandon kaji. Tulu kau, Rabe ya ce a ɗauko maki mai ga-ruwa, kika kore shi da muciya."

"Ruwan da ban ɗebo da kaina ba, ba ya kashe ƙishi."

"Auduga fa? Bara wa ya aike ki tsinta, kina sunkuye da buhu a baya har kasuwa ta watse?"

"Ji mai wa'azi! Kai da ka tara ƙiba har jaki na kuka in ya hango ka. Kullum kana tsugune wurin mai tsire, in za ka miƙe sai an kira mutum biyu. Gwiwarka in ta yi ƙara, 'yan Bakori cewa suke jirgin ƙasa ya iso."

Shitu ya yi dariya, amma ba ta kai ciki ba. Ya san abin da ke ƙarƙashin taurin kan nan. Mijinta Ɗanasabe, Allah ya jiƙansa, bai taɓa cin garin inji ba har ya koma ga Mahaliccinsa a kakar bara. Shekara arba'in da wani abu tana niƙa masa kullum safiya, shi yana zaune bakin rumbu yana gyaran fartanya, suna 'yan faɗace-faɗacensu. Ya tafi, ita ba ta fasa ba. Tausayinta ya kama Shitu.

"Wa kike niƙa wa ne, Rabi?" ya ce a hankali. "Ke kaɗai, ludayi biyu ya ishe ki."

"Ina ruwanka?" Ta kau da kai. Can ta ce, "In na durƙusa nan, sai in ji kamar yana bayana zai ce gari ya yi tsaki. In na tashi kau, gidan shiru."

Nan fa Shitu ya lura da abin da ya kamata ya gani tun shigowarsa. Babu ko ƙwayar dawa a kan dutsen, an gama niƙa tuntuni. Rana ta iso inda take, gumi na bin wuyanta, wuta ta mutu a murhu. Kuma Rabi'atu, wadda ko kare ya shigo gidanta sai ta miƙe ta ba shi ruwa, ba ta motsa ta shimfiɗa masa tabarma ba.

"Tun yaushe kike nan?"

"Tun da na ga dama."

"Rabi."

Ta dafa gwiwoyinta. "Tun fitowar rana. Gwiwoyin nan sun ƙi tashi. Na ji matan maƙwabta na wucewa rijiya, na kasa kira. In ce masu me? Ni da na yi daɓen ɗakunan rabin unguwar nan?"

Idon Shitu ya cika. Ya juya yana tsaki kamar jakin ne ya ɓata masa rai, ya goge fuska da hannun riga, sannan ya miƙa mata kan sandarsa.

"Kama, uwargijiya. Bawanki ya zo aiki."

"Riƙe da kyau, kar ka faɗo mani da wannan tumbi, a yi jana'iza biyu."

Ya kafa ƙafa, ya ja. Ta taso kaɗan-kaɗan tana salati, gwiwoyin sun kumbura sun yi suntum, har ta samu ta dafa bango. Ta daɗe tana numfashi.

"Haka za ki ɗauki tukunyar ruwan zafin Shafa'atu?" ya ce. "Ko ita da ɗanyen jiki za ta riƙa ɗaga ki? Rabe ya ce in ba ki iyawa, gidan surukanta za ta haihu."

"Ɗiyata? A hannun wasu, ina raye?" Ta dubi dutsen, ta dubi bakin rumbu, hawaye ya zubo ba ta tare shi ba. "Ɗauke shi. Yanzun nan, kafin in canza."

Shitu ya naɗe riga ya tsuguna, ya rungumi dutsen, ya yunƙura. Dutse bai motsa ba, shi ma kuma bai tashi ba. Ya sake yunƙurawa, sai ga shi zaune daɓas cikin dusa.

Rabi'atu ta fashe da dariya, kuka na haɗe da ita. "Wannan ne aka aiko ya yi mani faɗa?"

"Na yarda, kin ci," ya ce yana murza gwiwa. "Miƙo sandar. In an sauko daga Azahar na turo majiya ƙarfi su ɗauka."

Da ya samu ya miƙe, ta nuna masa ƙwaryar garin da haɓa, don ba ta yarda ta sake sunkuyawa ba.

"Ɗauki, ka kai a tuƙa maka. Ka ci a hankali, bawa. Daga wannan babu wani."